Baitocin da Babakura Ya Yanke

Malama Gumsu 'yar Goni Dunoma ce, malamin da ya fi kowa ɗalibai a Nguru a shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa garin. Tun tana ƙarama ta yi sauka, ta shiga fiƙihu da nahawu a gaban mahaifinta. Ba da niyyar mayar da ita malama ya fara ba, ita ce dai kaɗai a gidan take zama in an ce a zauna. Da tsufa ya ci ƙarfin Goni, idonsa ya daina ganin baƙi, sai ta riƙa zama bayan asabarin da ya raba zaure da tsakar gida, littafi a cinya. Ɗalibi ya kawo mas'ala, tsohon ya karkata kai wajen asabari, ta faɗa masa a hankali, shi kuma ya maimaita da ƙarfi. Nan take gemuna su kaɗa, a ce, "Allah Ya gafarta Malam, wannan ai teku ne." Babu wanda bai san inda tekun ke kwararowa ba. Amma da aka rufe Goni, tun ba a gama karɓar gaisuwa ba, duk suka naɗe buzayensu suka koma wajen wani malami a unguwar tasha. Ba wanda ya ko tsaya bakin asabarin ya ce a gai da mai karatu.

Abin bai yi mata zafi ba, don ta daɗe da auna su. Ta tattara gafakokin mahaifinta ta tafi da su gidan mijinta Abbo, wani falken shanu da ke loda dabbobi a taragu zuwa Kano. Abbo bai san alif ba, bai kuma yi ƙaryar ya sani ba, wannan ya sa take ganinsa da ƙima fiye da rabin masu rawunan garin. Ya ware mata ɗaki guda, ya ce ta yi karatunta. A shekarun yaƙin duniya zazzaɓi ya kashe shi a hanyar Gaidam. Masu neman aurenta suka yi ta zuwa, ta yi ta mayar musu da goronsu har suka gaji.

A wannan ɗakin matan unguwa suka fara taruwa da hantsi. Da farko gyaran salla suke nema. Daga baya suka fara kawo abin da ke cin ransu. Wata mahaifinta ya karɓe sadakinta ya sayi jaki. Wata kuma sana'ar ƙuliƙuli take yi, mijin ya ce duk abin da ta samu a ƙarƙashin rufinsa nasa ne. Da yawa iyayensu sun mutu an raba gona da gida tsakanin maza, su an sallame su da tasa da zane. In Gumsu ta ce musu shari'a ba haka ta ce ba, sai su zaro ido, don ba su taɓa ji ba.

To, ina za su ji? Da azumi takan tsaya daga nesa ta saurari masu wa'azi a filin kasuwa, littattafan da ta haddace suke fassarawa. In sun zo babin biyayyar mace, muryarsu har tasha ana ji. In sun zo babin haƙƙinta, sai tari ya sarƙe su, a juya takarda, a ce lokaci ya ƙure. In ma sun daure sun karanta, sai su karkata kalma. Inda Larabcin ya ce rabonta, su ce "abin da za a ba ta". Inda ya ce wajibi ne a kan miji, su ce "in ya kyautata mata". Gumsu takan ce ɓarawon da ya haura katanga ya fi su mutunci, don shi aƙalla ya san sunan abin da yake yi.

Sai ta ɗauki alƙalami ta fara fassara da kanta. Ta bi littattafan babi babi, ta tsamo duk abin da ya shafi mace: abin da ke kanta, da abin da ke nata. Ta mayar da shi waƙe da Hausa, don wadda ba ta iya karatu ba ta riƙe a ka, ta kuma yi wani da Barbarci saboda tsofaffin da Hausa ba ta zauna a bakinsu ba. Aikin ya ci shekaru. Kalma ɗaya kan hana ta sakat mako guda, ta rubuta ta goge, ta gwada a kunnen mai sayar da nono, in ba ta gane ba ta sake. Ta sa wa waƙar suna "Abin da Ke Naki", farkonta kuwa shi ne:

'Yar'uwa matso kusa in faɗa miki,
Abin da Mai sama Ya rubuta naki.

Can tsakiya kuma, a babin gado, akwai baitin da mata suka fi so:

Gonar ubanki da rabonki a ciki,
Ba roƙo za ki je ba, karɓa za ki.

Gumsu tana da ƙane, uba ɗaya, sunansa Babakura. Shi aka kai makarantar boko a Yerwa, ya dawo da jar dara, da agogo, da tabarau wanda gilashinsa ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Larabcin mahaifinsa bai shige shi ba, Turancin ma gefensa ya kama, amma in yana magana a kasuwa sai ka rantse shi ya shimfiɗa layin dogo. A wajensa Gumsu ta koyi baƙaƙen boko cikin wata damina, ya yi ta faɗa a gari cewa shi ne malamin 'yar Goni.

Bayan yaƙi da 'yan shekaru aka buɗe azuzuwan koya wa manya karatu, aka kafa wani kwamiti a Nguru, Babakura ya kutsa kai ciki. Kwamitin na neman ƙaramin littafi da za a riƙa karanta wa mata. Ran nan da la'asar sai ga shi ya jingina kekensa a ƙofar gida, ya shigo da fara'a, ya gaishe ta da Barbarci.

"Wushe, Ya Gumsu. Alheri na kawo miki. Waƙar nan taki, har yaushe za ta zauna a ɗaki tana jiran gara? Ki juya ta da boko in kai a buga. Daga nan har Gashua kowace mace za ta riƙe ta a hannu."

Ta dube shi ta ce, "Ka taɓa jin ta har ƙarshe?"

"Haba, Ya Gumsu! Ni fa?"

Ta san bai taɓa ba. Amma maganar kowace mace ta riƙe ta a hannu ta shige ta. Ta zauna ta juya waƙar gaba ɗaya da boko, ta ba shi, ta ce kada a taɓa ko wasali.

Bayan kaka littafin ya iso a jirgi daga wata maɗaba'a. Ba shi ya kawo mata ba. Wata ɗalibarta ce ta shigo da shi tana murna, ta ce ga littafin ƙanen Malama. A bango an rubuta "Ladabin Mace a Gidan Mijinta", a ƙasa kuma "Malam Babakura Dunoma ya wallafa". Gumsu ta buɗe. Farkon yana nan, babin tsarki da na salla suna nan, babin haƙƙin miji yana nan cif. Babin sadaki babu shi. Babin dukiyar mace, da na gado, da na yadda mace za ta nemi rabuwa in zama ya gagara, duk an sare su. A gurbinsu an liƙa wasu baitoci da ba ta san su ba.

Ta aika a kira shi. Ya zo washegari, ya ƙi zama.

"Karanta min wannan," in ji ta, ta ɗora yatsa a shafin.

Ya gyara tabarau ya karanta:

"Ki yi shiru in mai gida ya yi faɗa miki,
Ki kawo ruwa da sauri kar ya gaji da ke."

"Waƙa tun farkonta a kan 'ki' take tafiya," ta ce, "ka zo ka kayar da ita a kan 'ke', kamar jakin da ya taka rami. Sata ka yi, Babakura, amma ko satar ba ka iya ba. Wanda ya saci riga ai ba ya ɗinka mata hannu da buhu."

"Ya Gumsu, ki fahimce ni. Kwamiti ba zai yarda da maganar gado ba, fitina za ta kawo. Sunan kuma, ai don mutuncinki na yi. Yaya za a buga sunan mace, 'yan dako da 'yan kamasho su riƙa furta shi a tasha? Kuma ai Dunoma na sa. Sunan babanmu ne mu duka."

"Kwamitin ne ya ƙi, ko kai ne ba ka nuna musu ba?"

Ya dubi agogonsa.

"Tashi ka tafi," ta ce. "Ka gai da kwamiti."

Littafin ya karɓu ƙwarai a wajen mazaje. Alhaji Sabitu, babban dillalin ƙaro da fatu, wanda zaurensa ne matattarar malamai da attajiran garin, ya yi walima, ya yafa wa Babakura riga mai aska. Malamai suka yi ta sa albarka, suna cewa ɗan Goni ya gaji Goni, boko bai ɓata shi ba. Waɗansunsu sun zauna shekaru a zauren Goni, sun san muryar da ke cikin baitocin nan sarai, amma suka ci shinkafa suka shafa fatiha. Aka ƙara wa Babakura girma, aka ba shi duba azuzuwan ƙasar Gashua. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Gumsu ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta ci gaba da koyar da waƙarta yadda ta yi ta.

Akwai wata mata, Gaji, 'yar ƙabilar Bade daga ƙauyen Dagona, mai bandar kifi. Duk lokacin da ta kawo kwandunanta kasuwar Nguru, a gidan Gumsu take sauka. Doguwa ce, mai ƙaton murya, hannuwanta duk tabon wuta. Ta ji babin gado sau da yawa tana shiru, ran nan ta ce, "Malama, fadamar babanmu tana hannun yayyena maza tun da ya rasu. Ni da ƙanwata ƙodago muke yi musu a cikinta lokacin yankan shinkafa. Wannan magana har da mu, ko ta matan birni ce?"

"Har da ku."

"To matanmu ba su jin Hausar waƙa. Ta ciniki kawai suka iya."

Gumsu ba ta jin Badanci sai 'yar gaisuwa. Amma da ruwa ya janye hanya ta buɗe, ta kulle ɗakinta, ta hau motar kaya tare da Gaji. Motar ta yi ta kafewa a yashi ana sauka ana turawa, har suka isa. Ta yi kaka guda a Dagona. Da safe maza su fita kamun kifi a kan goruna, ita kuma ta zauna da mata a wajen banda, hayaƙi na cin idonta. Ta faɗi ma'anar baiti da Hausa, Gaji ta juya da Badanci, tsofaffi su yi gardama a kan kalmar, wata ta ce wannan kalmar ta kyauta ce ba ta rabo ba, a sake nemo wata. In an daidaita, Gumsu ta rubuta da ajami yadda kunnenta ya ji, ta karanta musu, su fashe da dariyar yadda take murɗe harshensu, su gyara mata. Nan ta fi jin daɗin aiki a duk rayuwarta. Kafin ta koma Nguru, ana rera waƙar a wajen sussuka, ana rera ta a bakin ruwa.

Da rani Gaji ta ɗauki ƙanwarta suka tafi gaban wani alƙali a Gashua. Yayyenta suka zo suna dariya. Alƙalin ya tambayi shaidu, ya tabbatar fadamar ta mahaifinsu ce, kuma ba a taɓa raba ta ba. Ya ce hukuncin a fili yake, ba wanda ya taɓa kawo masa ne kawai. Ya tura aka auna, aka yanka wa matan rabonsu. Dariya ta koma ciki.

Daga nan abin ya bazu kamar ambaliya. Mata daga ƙauyukan bakin kogi suka fara sallama a kotu. Ba duka suka samu ba. Wasu ba shaidu, wasu an tsorata su sun janye, akwai waɗanda mazajensu suka sake su don kunyar surukai. Amma waɗanda suka samu sun isa su hana maza barci. Aka shiga tambaya, wa ya koya wa matan nan wannan waƙa? Wani ɗan aji ya saurara, ya ce ai farkonta shi ne farkon littafin Malam Babakura, ga shi ma a aljihunsa.

Babakura bai san an yi ba. Ya shigo wani ƙauye kusa da Dagona duba aji, da rigarsa mai aska, ya tarar da rumfa ba kowa sai maza da sanduna. Tun yana "ku tsaya in yi bayani" aka fizge keken aka cilla a kogi, darar ta bi shi. Da ƙafa ya isa Gashua, ƙaya ta yayyage rigar. Mazaje suka janye matansu daga azuzuwa, suka ce ba su ba littafin ɗan boko.

A Nguru manya sun so su yi shiru, tunda gemun wasu ne ke ci da wuta. Sai Mairam, ƙanwar Alhaji Sabitu, wata bazawara da ta shekara ashirin a ɗakin bayan gidansa tana cin abin da aka zuba mata, ta aiko masa da saƙo cewa tana son rabonta a gidan mahaifinsu da rumfunan kasuwa. A ranar Alhaji ya gane cewa addini na cikin haɗari. Ya tara malamai a zaurensa bayan sallar azahar, aka kira Babakura.

"Kai muka yafa wa riga," in ji Alhaji Sabitu. "Ashe littafi biyu ka yi, ɗaya na idonmu, ɗaya na kunnen matanmu?"

Babakura ya durƙusa. "Alhaji, wallahi tallahi ko baiti ɗaya ban rubuta ba. A kawo abin rantsuwa in dafa. Waƙar Ya Gumsu ce daga farko har ƙarshe. Ni gyara kawai na yi, na cire dafin. Ku tambayi kowa, ni ina na iya waƙa? Ko Larabcin ban sani ba!"

Malaman da suka ce ɗan Goni ya gaji Goni suka shiga jan carbi. Wannan ce rana ta farko da aka ambaci sunan Gumsu a gaban maza a matsayin mai waƙar, kuma an ambace shi ne don ana neman wanda za a ɗora wa laifi.

Aka aika mata. Ta zo da mayafinta, aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa daga waje. Ta zauna, ta gaishe su gaisuwar da ba ta wuce wajibi ba.

"Malama," in ji Alhaji, "ƙanenki ya ce ke kika yi waƙar da ta ta da hankalin ƙasa."

"Ni na yi. Na gode masa da ya tuna."

"Kin san gidaje nawa ta raba?"

"Na san gonaki ta raba, Alhaji. Gidan da ya rushe don mace ta karɓi nata, dama a kan bayanta aka gina shi."

Wani malami mai jan gemu ya ɗaga murya. "Ba a magana da manya haka! Mace ta zauna tana fassara shari'a, wa ya ba ki izini?"

Ta juya ta dube shi. Ta gane shi, yana cikin masu zama a zauren mahaifinta.

"Malam, da kake kawo mas'ala zauren Goni kana karɓar amsa, ba ka tambayi izinina ba. Ni abu ɗaya na zo ji. A cikinku akwai wanda zai ce abin da na faɗa wa mata ƙarya ne? In akwai, ya faɗa, in tashi yanzu in bi gida gida in ce na yi kuskure."

Can wani tsoho daga lungu ya yi gyaran murya, ya ce cikin taushi, "'Yar Goni, ba a ce ƙarya ba ne. Hukunci haka yake. Sai dai ba kowane ilimi ake zuba wa kowane kunne ba. Mata hankalinsu gajere ne, in suka ji irin wannan sai su ɗauka da zafi."

"Hankalinsu ya isa su riƙe abin da ke kansu," ta ce, "amma bai isa su riƙe abin da ke nasu ba. To na ji. Allah Ya ƙara wa Malam basira."

Alhaji Sabitu ya ce magana ɗaya ce: ta daina koyar da waƙar, ta kuma ce wa Mairam ta janye, a zauna lafiya.

"Waƙa ta bar hannuna, Alhaji, sai dai ku bi mata ku ɗinke bakunansu. Mairam kuwa 'yar ubanka ce. Kai da kake auna ƙaro ba ka yarda a tauye maka ko tsinke, ka san yadda ake awo."

Ta tashi ta kaɗe zanenta. Babakura, yana durƙushe har yanzu, ya ce, "Ya Gumsu, ki ba su haƙuri mana, don darajar baba." Ba ta ko dubi inda yake ba.

Ba su da ikon kama ta, don ba ta karya dokar kowa ba. Sai suka yi abin da suka iya. Kowane mai gida ya hana matansa taka ƙofarta. Aka daina amsa sallamarta a wajen biki da suna. Mairam ma, da aka matsa mata da 'yan'uwa da kuka da tuna zumunci, ta janye, ta koma ɗakinta na baya, Alhaji ya saya mata zane biyu aka yi ta yabon kirkinsa. Ɗakin karatun Gumsu ya koma ba kowa sai ita da gafakoki. Ta jure har damina ta wuce, sannan ta sayar da gidan, ta loda littattafanta a mota, ta koma Gashua.

Gaji ta samo mata gida kusa da kogi. Matan Bade ba su da mai hana su fita, don in ba su fita ba gida ba ya cin abinci, saboda haka ɗakin ya sake cika. Gumsu ta riƙa ɗinkin hula tana ci da kanta, Gaji kuma kan aiko da shinkafa daga fadamarta. Ta rubuta wata waƙar a kan neman ilimin mata, ta juya wani ɗan littafin kiwon jarirai daga Hausa zuwa Barbarci da Badanci don ungozomomi. Wata rana ɗaya daga cikin matan da aka saka saboda shari'ar gado ta zo ta tsaya a ƙofarta, ta ce waƙarta ta raba ta da 'ya'yanta. Gumsu ba ta kare kanta ba. Ta shigar da ita, ta zauna da ita a gidan har ta sake aure.

Babakura kuwa bai nutse ba, irinsu ba sa nutsewa. Ya bar aikin aji, ya shiga siyasa da aka fara yayinta, ya sayi sabuwar dara. Gab da zaɓe sai ga shi a Gashua cikin mota mai lasifika, ya yi sallama a ƙofarta da ƙwaryar goro.

"Ya Gumsu, abin da ya wuce ya wuce, jini ba ya tsinkewa. Waƙa nake so ki yi min, wadda za a riƙa sawa a lasifika. Wannan karon da sunanki, na yi alkawari."

"Mata za su jefa ƙuri'a?"

Ya yi 'yar dariya. "Haba, ai lokaci bai yi ba tukuna. A hankali ake bin abin."

"To waɗanda za su jefa su yi maka waƙar. Ɗauki goronka, akwai masu tura mota a waje."

Ya sami wani maroƙi ya yi masa. Waƙar ba kai ba gindi, amma ya ci zaɓen, ya tafi majalisa.

Gumsu ta rasu a daminar da ta biyo baya, bayan 'yar gajeriyar jinya, tana tsakiyar juya babin shaida zuwa Barbarci. Mata suka cika gidan har bakin kogi. Daga Nguru ma aka yi mota guda ta manya, da Alhaji Sabitu da malamansa, Babakura a gaba yana karɓar gaisuwa. Aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar gida. Malamin nan mai jan gemu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce marigayiya mace ce mai haƙuri da kawaici, wadda ba a taɓa jin muryarta ta ɗaga ba, ya kamata matan zamani su yi koyi da ita. Aka ce amin.

Gaji tana daga cikin zaure tana ji. Ta yi tsaki mai ƙarfi har na waje suka waiwayo. Ta tashi ta shiga ɗakin karatu, ta kira mata biyu da suka iya ajami, suka ɗaure gafakokin a cikin zannuwa. Suka fito da su a ka ta gaban manyan, ba wadda ta rusuna, suka nufi bakin kogi inda jirgin ruwan Dagona ke jira.